Gicciyen Bladensburg: Yadda Daɗewa Ta Ceci Wani Ginin Tunawa a Kotun Ƙolin Amurka

Ranar 20 ga Yuni, 2019, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci cewa wani gicciye na kankare mai tsawon ƙafa 40, na tunawa da sojojin da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, da ke tsaye a tsakiyar mahaɗar hanyoyi a garin Bladensburg na jihar Maryland, yana iya ci gaba da zama a filin gwamnati, hukuma kuma ta ci gaba da kula da shi da kuɗin haraji. Alƙalai bakwai suka amince, biyu suka ƙi. Wanda ya tsaya a wannan lissafi zai ɗauka shari'ar ba ta ba su wahala ba. Amma alƙalan nan tara sai da suka rubuta ra'ayoyi bakwai daban-daban, kuma waɗanda bakinsu ya zo ɗaya a kan a bar gicciyen sun rabu a kan dalilin barinsa. Hujjar da ta yi rinjaye a ƙarshe ita ce abin dubawa, domin kotun ta yarda da bakinta cewa gicciye alamar Kiristanci ce. Abin da ya cece shi kawai ya daɗe.

Yadda aka gina shi

Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a watan Afrilun 1917, aka tsagaita wuta ranar 11 ga Nuwamba, 1918. A ɗan wannan tsakani ta rasa sojoji fiye da 116,000, kusan rabi a fagen fama, sauran kuma yawanci cuta ce ta ɗauke su. Gwamnati ta ba iyalai zaɓi, ko a dawo musu da gawa gida ko a bar ta inda aka binne ta. Kimanin 30,000 aka bari a maƙabartun Turai, galibi a Faransa. Uwar da ke ƙauye a Maryland a wancan zamani ba ta da halin hawa jirgin ruwa ta je ziyarar kabarin ɗanta. Abin da take gani a jarida shi ne hoton fili fetal, da fararen gicciye na katako jere reras har iyakar ganin ido.

Tun ƙarshen 1918 mutanen gundumar Prince George's, inda Bladensburg yake, suka kafa kwamiti don gina abin tunawa da 'ya'yansu. A cikin kwamitin akwai iyaye mata goma da suka rasa 'ya'ya. Suka zaɓi siffar gicciye, suka ba wani magini mai suna John Joseph Earley aikin zane. Kuɗin kuwa karo-karo aka yi, mafi yawan masu bayarwa daga senti 25 ne zuwa dala ɗaya. Takardar da masu gudunmawa ke sa wa hannu ta buɗe da dogaro ga Allah mai mulkin duniya, ta kuma ɗauki taken "Allah ɗaya, ƙasa ɗaya, tuta ɗaya". Ma'ajiyar kwamitin, uwargidan Martin Redman, ta rubuta wa wani sanata wasiƙar godiya a 1920, tana cewa ɗanta ya mutu a Faransa, shi ya sa take jin wannan gicciye kamar shi ne dutsen kabarinsa. Kusan shekara ɗari bayan haka, wasiƙar nan ta shiga cikin hukuncin Kotun Ƙoli.

An aza harsashi ranar 28 ga Satumba, 1919, Sakataren Sojan Ruwa Josephus Daniels ne babban mai jawabi. Zuwa 1922 kuɗi ya ƙare, aiki ya tsaya. Reshen yankin na ƙungiyar 'yan mazan jiya ta American Legion ya karɓi aikin ya ƙarasa, aka yi bikin buɗewa ranar 12 ga Yuli, 1925. Limamin Katolika ya buɗe taro da addu'a, faston Baptis ya rufe. Ɗan majalisar wakilai Stephen Gambrill, wanda ya yi babban jawabi, ya ce gicciyen alama ce ta Kalfari, wato wurin da Kiristoci suka yi imani an gicciye Yesu Almasihu. Wannan kalma tasa ma ta dawo kotu, amma a hannun ɗaya ɓangaren.

Shi gicciyen kansa ƙafa 32 ne, an ɗora shi a kan babban dakali. A tsakiyarsa akwai tambarin American Legion. A gindinsa, kowace fuska da kalma ɗaya: jarumta, juriya, ƙarfin zuciya, sadaukarwa. Sai allon tagulla mai ɗauke da sunayen 'ya'yan gundumar 49 da suka mutu a yaƙin, da wani yanki na jawabin Shugaba Woodrow Wilson. An jera sunayen baƙaƙe da farare a haɗe, a zamanin da rundunar Amurka kanta ke raba su barikoki daban, Maryland kuma ke raba su makarantu.

Har zuwa nan babu abin kai ƙara. Mutane ne suka tara kuɗinsu, ƙungiya mai zaman kanta ta gina. Motoci ne suka jawo rigimar. Wurin da aka kafa gicciyen bakin wata sabuwar hanya ce da ta haɗa Washington da Annapolis. Gari ya bunƙasa, hanyoyi suka faɗaɗa, gicciyen ya tsinci kansa a wani ɗan tsibiri a tsakiyar mahaɗa mai cunkoso, inda mai tafiya a ƙasa sai ya yi da gaske kafin ya tsallaka ya karanta sunayen. A 1961 hukumar kula da wuraren shaƙatawa da tsara birane ta yankin, wadda hukuma ce ta jihar Maryland, ta karɓi gicciyen da filinsa, saboda adana shi da kuma kiyaye haɗurra. American Legion ta riƙe haƙƙin yin bukukuwanta a wurin. Daga ranar gicciyen ya zama kayan gwamnati. Cikin shekara hamsin da suka biyo baya hukumar ta kashe kimanin dala 117,000 wajen kula da shi, a 2008 kuma ta ware wata dala 100,000 don gyara, saboda kankaren ya fara tsattsagewa.

Dokar da aka yi jayayya a kanta

Gyaran fuska na farko ga kundin tsarin mulkin Amurka, wanda ya fara aiki a 1791, ya hana majalisa yin dokar da za ta kafa addinin gwamnati, ya kuma hana ta tauye wa kowa yin addininsa. Tun 1947 Kotun Ƙoli ta ce hanin farko ya hau kan jihohi da ƙananan hukumomi ma. A 1971, a shari'ar da aka fi sani da sunan Lemon, kotun ta kafa ma'auni mai ƙafa uku: abin da gwamnati ta yi ya kasance da manufar da ba ta addini ba, babban tasirinsa kada ya zama ɗaukaka addini ko danne shi, kuma kada ya cusa gwamnati cikin harkar addini fiye da kima. Daga baya aka ƙara wata tambaya: mutum mai hankali da ya san tarihin abin, in ya gan shi, zai ji gwamnati na goyon bayan wani addini?

A takarda ma'aunin ya yi kyau. A aikace kuwa ya riƙa ba da amsa biyu ga tambaya ɗaya. Ranar 27 ga Yuni, 2005, kotun ta yanke hukunci biyu a kan Dokoki Goma na Annabi Musa. Ta ce a cire waɗanda aka rataya a kotunan wasu gundumomi a Kentucky, ta ce a bar dutsen da ke harabar majalisar jihar Texas. Alƙali ɗaya ne ya sauya ɓangare tsakanin shari'o'in biyu, Stephen Breyer, kuma ɗaya daga manyan dalilansa shi ne dutsen Texas ya shekara 40 a wurin babu wanda ya kai ƙara. A nan aka shuka irin da ya tsiro a Bladensburg.

A 2012 ƙungiyar American Humanist Association, wadda ke haɗa masu ganin ɗan Adam na iya rayuwa ta gari ba tare da addini ba, ta rubuta wa hukumar takardar ƙorafi. A 2014 ta shigar da ƙara a kotun tarayya tare da wasu mazauna yankin da suka ce kullum suna cin karo da gicciyen a hanya. Ta ba kotu zaɓi uku: a ɗauke shi zuwa wani wuri, ko a rushe shi, ko a yanke hannayensa biyu ya koma doguwar hasumiya da ba ta nuna wani addini. Zaɓi na ukun nan ya yi musu illa a idon jama'a fiye da yadda suka zata. Maganar "za a sare hannun gicciyen matattu" ta fi kowace hujjar lauya saurin yaɗuwa, kuma masu kare gicciyen ba su bar ta ta huce ba.

American Legion ta nemi shiga shari'ar aka ba ta dama. A 2015 Mai shari'a Deborah Chasanow ta kotun tarayya a Maryland ta ce gicciyen bai saɓa wa kundi ba. A watan Oktoban 2017 kotun ɗaukaka ƙara da ke Richmond ta soke hukuncinta da ƙuri'a biyu da ɗaya. Mai shari'a Stephanie Thacker ta rubuta cewa girman gicciyen da matsayinsa a Kiristanci sun danne duk wasu alamomin da ke jikinsa, domin direban da ke wucewa gicciye yake gani, ba ya ganin allon tagulla. An nemi duka alƙalan kotun su sake zama a kan batun, aka ƙi da ƙuri'a takwas da shida. Kotun Ƙoli ta karɓi shari'ar a Nuwamban 2018, ta saurari lauyoyi ranar 27 ga Fabrairu, 2019.

Masu kare gicciyen ma ba hanya ɗaya suka bi ba. Neal Katyal, lauyan hukumar, ya taƙaita: wannan gicciye, na wannan yaƙi, mai wannan tarihi, a bar shi. Michael Carvin, lauyan American Legion, ya nemi abin da ya fi haka girma, wato a ce gwamnati ba ta yi laifi ba muddin ba ta tilasta wa kowa ibada ba. Monica Miller ce ta tsaya wa masu ƙara.

Hukuncin

Mai shari'a Samuel Alito ya rubuta ra'ayin masu rinjaye. Ya ce babu shakka gicciye alamar Kiristanci ce, amma wannan kada ya rufe wa mutane ido daga sauran abubuwan da gicciyen Bladensburg ya zama. Ga wasu makwancin kakanni ne da ba su dawo gida ba, ga wasu dandalin taron 'yan mazan jiya, ga wasu kuma alamar gari kawai. Sannan ya kawo dalilan da suka sa tsohon gini ya bambanta da sabo. Waɗanda suka gina shi sun mutu, ba mai iya tabbatar da abin da ke zuciyarsu. Manufofi suna ƙaruwa da tafiyar zamani, saƙon abu kuma yana sauyawa. Ya ba da misali da majami'ar Notre Dame ta Paris, wadda ta yi gobara wata biyu kacal kafin hukuncin, Faransawa masu addini da marasa addini suka yi jimaminta tare. Ya kawo sunayen garuruwa irin su Bethlehem a Pennsylvania da Las Cruces a New Mexico, ya ce ba wanda ke ganin sunan ya mai da garin na coci.

Dalilinsa na ƙarshe shi ne mai nauyi. Ya ce in abu ya daɗe har jama'a suka saba da shi, cire shi ba zai yi kama da tsaka-tsaki ba. Gwamnatin da ke yawo a ƙasa tana rushe duk ginin da ke da alamar addini, mutane da yawa za su ɗauke ta mai gaba da addini ce. Daga nan ya kafa ƙa'ida: daɗewa tana sa a fara da ɗaukar cewa abin ya halatta, mai ƙara ne zai kawo hujjar akasin haka. Masu ƙara sun yi ƙoƙarin danganta zamanin ginin da ƙiyayyar Yahudawa da baƙar fata da ta yi ƙamari a shekarun 1920. Alito ya ce babu shaidar an bar sunan wani da gangan, ga sunayen baƙaƙe a allon, kuma cikin shugabannin American Legion da suka ƙarasa aikin akwai tsohon soja Bayahude.

Mai shari'a Ruth Bader Ginsburg ta rubuta ra'ayin adawa, Sonia Sotomayor ta bi ta. Ginsburg ta karanta taƙaitaccensa da bakinta a zauren kotu, abin da alƙalan ba sa yi sai rashin yardar ya kai maƙura. Ta ce kamar yadda Tauraron Dauda, alamar addinin Yahudawa, bai dace a karrama Kirista da shi ba, haka gicciye bai dace a karrama wanda ba Kirista ba. Mai da gicciye ginin tunawa da yaƙi ba ya cire masa ma'anarsa. Dalilin da ya sa ake kafa shi a kan kabari tun farko shi ne alkawarin tashi daga matattu da rai madawwami ga wanda ya gaskata da Almasihu.

Wani abin sha'awa, tarihi guda ɓangarorin biyu suka ɗebo. Bayan yaƙi an kawo shawarar a maye gurbin alamomin katako na maƙabartun Turai da duwatsu iri ɗaya ga kowa. Jama'a suka yi caa, aka janye, aka sassaƙa gicciye da farin dutse ga Kiristoci, Tauraron Dauda ga Yahudawa. Alito ya karanta wannan a matsayin shaidar cewa gicciye ya riga ya zama alamar wancan yaƙi a zukatan Amurkawa. Ginsburg ta ce ai labarin da kansa ya ƙaryata hakan: in gicciye na kowa ne, me ya sa ƙungiyoyin Yahudawa suka tsaya kai da fata sai an sa wa matattunsu tauraro, gwamnati kuma ta yarda? Yahudawa kimanin 3,500 suka mutu a rundunar Amurka a yaƙin. Ta ƙara da cewa mafi yawan gine-ginen tunawa da aka yi a garuruwan Amurka a lokacin ba gicciye ba ne, mutum-mutumin soja ya fi yawa. A wannan gaɓa kam, a ganina, Ginsburg ce ke da gaskiya, kuma ra'ayin masu rinjaye bai ba ta amsa mai gamsarwa ba.

Rabuwar alƙalan ba ta bi addininsu ba. Yahudawa uku ne a kotun a lokacin. Breyer da Elena Kagan suka ce a bar gicciyen, Ginsburg ta ce a'a, wadda ta mara mata baya kuma 'yar Katolika ce. A waje ma haka. Ƙungiyar 'yan mazan jiya Yahudawa ta aika wa kotu takarda tana goyon bayan masu ƙara, haka ma wani kwamitin haɗin gwiwar 'yan Baptis mai fafutukar 'yancin addini, tare da wasu ƙungiyoyin coci. Hujjar waɗannan Kiristoci ita ce ta fi ba ni tunani. Suka ce duk lauyan da ya tsaya gaban kotu yana cewa gicciye alamar jarumta ce kawai, ko alamar wani yaƙi, ya rage masa daraja. A wurinsu gara gicciye ya tsaya a harabar coci da cikakkiyar ma'anarsa, da ya tsaya a filin gwamnati bisa sharaɗin a ce ba ya faɗin abin da yake faɗi.

Kabari daban, dandali daban

A lokacin shari'ar an riƙa tsorata mutane cewa in aka taɓa Bladensburg, gobe sai maƙabartar sojoji ta Arlington. Ba a nan gizo ke saƙar ba. A maƙabartun sojan Amurka iyali ne ke zaɓar alamar da za a sassaƙa a dutsen mamacinsu, daga cikin alamomi da dama da gwamnati ta amince da su. Kyaftin Humayun Khan, wanda ya mutu a Iraƙi a 2004, jinjirin wata da tauraro ne a kan dutsensa a Arlington, kuma babu wanda ke ɗaukar hakan a matsayin gwamnati ta zaɓi Musulunci. Alamar kabari maganar mamaci ce da danginsa. Ginin da aka kafa a tsakiyar gari da sunan kowa da kowa, gwamnati ce ke magana ta bakinsa. Ginsburg ta bambance waɗannan biyu a fili. Inda maganar ta yi wuya shi ne a Arlington ɗin akwai manyan gicciye biyu na Yaƙin Duniya na Ɗaya da ba kabarin mutum ɗaya ba ne, ɗaya na tunawa da waɗanda suka faɗi a dajin Argonne, ɗaya kuma kyautar Kanada. Ita ta ce waɗannan suna cikin maƙabarta ne, kewaye da kaburbura masu alamomi iri-iri, don haka ba ɗaya suke da wanda ya tsaya shi kaɗai a kan titi ba.

Birtaniya ta gamu da wannan tambaya a shekarun da ake karo-karo a Maryland, ta ba da wata amsa daban. Ginin tunawa na Whitehall a Landan, wanda Edwin Lutyens ya zana, aka fara yi da katako a 1919 sannan aka buɗe na dutse ranar 11 ga Nuwamba, 1920, ba shi da gicciye ko wata alamar addini, ko da yake wasu manyan coci ba su ji daɗin hakan ba. Matattun daular sun haɗa da Musulmi da Hindu da Sikh na Indiya, da sojojin Afirka ta Yamma, ciki har da na rundunar Najeriya, masu jin Hausa da yawa, da suka yaƙi Jamusawa a Kamaru da Gabashin Afirka. Sai dai rashin gicciye bai zama adalci da kansa ba. A 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000, galibi daga Gabashin Afirka da Masar, ba a rubuta sunansu a ko'ina ba, wataƙila ma ba a tuna da su ta kowace hanya ba. Gicciyen Bladensburg, da duk abin da ake faɗa a kansa, ya rubuta sunayen baƙaƙen garinsa tun 1925.

Inda hujjar daɗewa ke da rauni

Ban ga amfanin da rushe wannan gicciye zai yi wa kowa ba. Iyaye mata masu makoki suka zaɓe shi, a garin da kusan kowa Kirista ne, gwamnati kuma ba nemansa ta yi ba, titi ne ya kewaye shi. Amma hujjar da aka bar shi da ita tana da aibi, kuma wanda ya fi nuna aibin yana cikin masu rinjayen. Neil Gorsuch ya tambaya: shekara nawa abu zai yi kafin ya cancanci wannan rangwame? An ce 94 ta isa. To ginin Tauraron Dauda da aka kafa a South Carolina a 2001 don tunawa da kisan kiyashin Yahudawa fa? Gicciyen da sojojin rundunar Marines suka kafa a California a 2004 fa? Shi a wurinsa shekaru ba su ne ma'auni ba, abin da ya dace da al'adar ƙasar ya halatta ko jiya aka gina shi. Ya ƙara da cewa tun farko ma bai kamata a saurari ƙarar ba, don ganin abin da ya ɓata maka rai a hanya ba ya ba ka hurumin zuwa kotu. Clarence Thomas ya fi shi nisa, ya ce hanin kafa addini bai hau kan jihohi ba sam. Breyer kuwa ta ɗaya gefen ya ja, ya ce da an gina gicciyen kwanan nan, ko kuma da an nuna an yi shi don wulaƙanta marasa rinjaye, da hukuncinsa ya bambanta.

Ƙa'idar ta yi kama da gonar aro da ta daɗe a hannun mutum har jikokinsa suka ɗauka gado ce: shirun mai gona shi ake kawowa hujja. Amma shiru iri-iri ne. Bayahude ko wanda ba ya addini a Maryland ta 1930 da bai kai ƙara ba, wataƙila ya yarda ne, wataƙila kuma ya san abin da zai biyo baya in ya buɗe baki. Sannan ƙa'idar tana fifita wanda ya riga zuwa. Musulmi da Hindu da mabiya Buddha sun yawaita a Amurka ne bayan dokar shige da fice ta 1965. Ba su da ginin shekara 94 a filin gwamnati, ba za su samu ba sai an bar su sun gina sabo, sabo kuwa shi ne ƙa'idar ba ta kare ba. An ga irin wannan a hamadar Mojave ta California, inda 'yan mazan jiya suka kafa gicciye a kan wani dutse a 1934. A 1999 wani ya nemi izinin gina ɗan wurin tunawa na addinin Buddha kusa da shi, hukumar gandun daji ta ƙi. Shari'ar ta kai Kotun Ƙoli a 2010, aka ƙare da musayar fili, kadadar da gicciyen ke kai ta koma hannun ƙungiyar 'yan mazan jiya.

Haka aka kashe wutar gicciyen Dutsen Soledad a San Diego, bayan shari'ar da ta faro a 1989: a 2015 aka sayar da filin ga wata ƙungiya mai zaman kanta a kan dala miliyan 1.4, aka rufe ƙarar a 2016. Ginsburg ta nuna wannan hanya ga Bladensburg, ta ce ba dole a rushe ba, ana iya mayar da shi wani fili ko a miƙa filin ga masu zaman kansu. A aikace duka biyun da wuya. Tsohon kankare mai tsaga ba ya son a ɗaga shi, tsibirin da ke tsakiyar babbar mahaɗa kuma ba irin filin da hukuma ke sakin hannunta daga kai ba ne, tunda saboda haɗurra ta karɓe shi.

Brett Kavanaugh, wanda ya goyi bayan barin gicciyen, ya rubuta cewa ya fahimci zafin da 'yan mazan jiya Yahudawa suka bayyana. Ya tuna wa masu ƙara cewa kotu ta ce Maryland na iya barin gicciyen ne, ba ta ce dole ta bar shi ba, majalisar jiha ko hukumar kanta na iya cire shi ko miƙa shi in suka ga dama. Gaskiya ce a doka. Sai dai tura marasa rinjaye wurin masu ƙuri'a yana nufin tura su wurin masu rinjayen da suka kai ƙara a kansu.

Ƙananan kotuna sun ɗauki ƙa'idar nan take. A Agustan 2019 kotun ɗaukaka ƙara ta bar gicciyen da ke cikin hatimin gundumar Lehigh a Pennsylvania. A Fabrairun 2020 wata kotun, wadda a baya ta ce a cire gicciyen da ke wani lambun gwamnati a Pensacola ta Florida, ta juya ta ce a bar shi. A 2022, a shari'ar wani kocin ƙwallon makarantar sakandare a Bremerton da ke durƙusawa yana addu'a a tsakiyar fili bayan wasa, Kotun Ƙoli ta bayyana cewa ta riga ta yi watsi da ma'aunin Lemon, ta ce daga yanzu da tarihi da al'adar ƙasar za a riƙa aunawa. Gorsuch ne ya rubuta wannan hukunci. Ginsburg ta rasu a 2020, Breyer kuma, wanda ya dage cewa sabon gini daban yake da tsoho, ya yi ritaya kwana kaɗan bayan hukuncin na Bremerton.